Me ya sa nake kamuwa da son abu ba ji ba gani, sannan ya fita raina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, malamin sakandare, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Tun ina yaro idan abu ya shiga raina ba na ji ba na gani. Na yi kiwon tattabaru, na yi gyaran rediyo. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a 2020 sai na faɗa tarihin gidajen sarautar Zazzau har na cika littattafan rubutu. Daga nan sai Faransanci, bara kuma kiwon tarwaɗa, har na ci bashi na gina tanki. Kowanne sai in yi watanni ina kai, in raba dare ina karatu a waya, rana ɗaya in wayi gari ko kallonsa ba na son yi. Maiɗakina ta gaji, Hajiyarmu ta ce a yi min rubutu, yayana ya ce ba ni da alƙibla. Shin ciwo ne? In ba ciwo ba ne, yaya zan zauna da wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka zayyana, in dai shi kaɗai ne, ba ciwo ba ne, ba kuma lalacewar tarbiyya ba ce. Akwai mutanen da Allah ya yi su da hankali mai yaɗo, su taɓa nan su taɓa can, komai kaɗan-kaɗan. Akwai kuma waɗanda nasu hankalin in ya samu wuri sai ya tattaru kaf ya zube a nan, sauran duniya ta jira. Kai a na biyun kake. Amma akwai lalurorin da kan zo da irin wannan kama, kuma zan yi maka bayaninsu, domin mutumin da ban gani ba, ban zauna da shi ba, ba zan buga ƙirji in ce masa lafiyarsa ƙalau ba.

Yadda ka ce tun ƙuruciya ne, haka abin yake ga yawancin masu wannan hali. A 2007 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Judy DeLoache, da abokan aikinta sun bi iyayen ƙananan yara da tambayoyi, suka tarar kusan ɗaya cikin uku na yaran sun taɓa shiga matsanancin son abu guda, mota ko jirgin ƙasa ko ƙwallo, kuma maza ne suka fi yawa. Lafiyayyun yara ne, ba marasa lafiya ba. Mu nan ba sai an kai mu Amurka ba. Duk wanda ya tashi a unguwannin da ke kewaye da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya san yaron nan da ke barin tuwo ya fita tsakar gida da gudu in ya ji ƙarar jirgi, ko wanda zai wuni yana ƙera motar kara har a neme shi da bulala. Wasu abin yana lafa musu in sun shiga makaranta. Wasu kuwa yana bin su har furfura, sai dai abin so ya yi ta sauyawa.

To me ke kunna shi, me ke kashe shi? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke da hannu a ɗoki da zaburar mutum ya nemi abu. A shekarun 1990 wani masani, Wolfram Schultz, ya yi gwaji da birai. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato ba tsammani, jijiyoyin da ke fitar da dofamin sai su zabura. In aka saba masa da wata alama kafin ruwan ya zo, bayan ɗan lokaci sai jijiyoyin su koma zabura a kan alamar, ruwan kansa kuma ya daina motsa su, tunda an san da zuwansa. In alamar ta zo ruwan bai zo ba, sai aikinsu ya yi ƙasa. Wato abin da ke tada su shi ne abin da ya zarce zato, ba abin da aka riga aka sani ba. Na taƙaita maganar ƙwarai, ƙwaƙwalwar mutum ta fi haka zurfi, amma wannan ya isa mu gane abin da ya same ka da tattabaru.

Ka tuna makonninka na farko. Kullum da sabon abu: ashe ƙwai biyu take yi, ashe namiji da mace ke karɓa-karɓa wajen kwanci, ashe cikin kwana 18 ko kusa da haka ake ƙyanƙyashewa, ashe iyayen biyu ne ke ɗura wa 'ya'yan wani farin ruwa daga maƙogwaronsu. Kowace safiya kana buɗe akurki da tambaya a ranka. Zuwa ƙyanƙyasa ta biyar ko ta shida ka riga ka san yadda za ta kaya. Me ya rage? Sharar kashi, sayen gero, korar kyanwar maƙwabta. Tattabarun ba su sauya ba, tambayoyin ne suka ƙare. Haka ma tarihin Zazzau. Abin da ya ja ka shi ne ruɗanin da aka shiga bayan rasuwar Sarki a watan Satumba na 2020: su wane ne Mallawa, su wane ne Barebari, ina Katsinawa, ina Sulluɓawa, yaya aka yi sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kusan shekara 100. Da ka warware zaren, ka san wane ya haifi wane, wane ya gaji wane, sai ƙishin ya kwanta. Da tambaya ka shiga, ka samu amsa ka fita. Ba rantsuwa ka yi za ka mutu masanin tarihi ba. Mutanenmu ne ke da mudu guda na awo: abin ya zama sana'a ko bai zama ba, ya kawo kuɗi ko bai kawo ba. In bai kawo ba sai a ce an yi ba a yi ba.

A nan zan ɗan ratsa. Kada wani ya sayar maka da magani a intanet da sunan wai dofamin ɗinka ya ƙare. Babu gwajin jinin da ke auna ɗokin mutum, kuma babu ƙwayar kanti da ke dawo da son abin da ya fita rai.

Tun kafin zamanin gwajin birai an san wannan hali na ɗan Adam. Akwai hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr, ma'anarsa ita ce kowane aiki yana da lokacin zafinsa, kowane zafi kuma yana da lokacin sanyinsa. Sharhin hadisin na malamai ne, kuma Zariya ba ta rasa su ba. Abin da ni na ɗauka a ciki a matsayina na mai duba halayyar mutane shi ne ba a ɗauki sanyin a matsayin abin mamaki ba. An sa ran zuwansa, abin dubawa shi ne halin da zai tarar da mutum da inda zai bar shi.

Sai maganar lalurori. Biyu ne aka fi alaƙantawa da wannan hali. Ta farko otizim, wadda kafafen labarai kan kira galahanga. Leo Kanner ya bayyana ta a 1943 a kan yara 11 a Amurka, Hans Asperger kuma ya yi nasa bayanin a 1944 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma dukkansu sun lura da yadda yaran ke nacewa kan abu guda. Har yau matsanancin son takamaiman abu yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa. Amma shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Dole a samu wahalar mu'amala da mutane tun yarinta, kamar kasa gane zolaya da habaici da abin da fuska ke faɗa, galibi tare da ƙin sauyin tsari da saurin takura da ƙara ko haske ko wari. Sha'awar mai otizim ta fi daɗewa, wani ya yi shekaru 20 a kan abu guda, ko da yake su ma tana sauya musu. Wasu masana uku, Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson, sun kawo bayani a 2005 cewa hankalin mai otizim yana bin rami guda ne mai zurfi, shi ya sa fizgo shi daga ciki ke yi masa ciwo. Wani bincike da aka yi kan manya masu otizim a ƙasar Holan a 2018 ya nuna cewa wannan sha'awa tana tafiya da jin daɗin rayuwa, sai in ta yi tsananin da ya wuce kima. Saboda haka tsohuwar ɗabi'ar ƙwace wa yaro abin da yake so don a gyara shi ba ta da madogara.

Ta biyu ita ce lalurar ƙarancin natsuwa da gaggawa, wadda likitoci ke kira ADHD, kuma labarinka ya fi kama da nata: zafi mai tsanani, gajeren zango, sai tsalle zuwa sabo. Mutane kan yi mamaki, wai yaya mai ƙarancin natsuwa zai yi awa biyar a kan abu guda bai ɗaga kai ba? Matsalar ba rashin natsuwar ba ce gaba ɗaya, rashin iya juya akalarta ne. Abin da ya burge shi ba ya iya saki, abin da bai burge shi ba ba ya iya kamawa, ko da aikinsa ya dogara a kai. Kafin a ce mutum yana da ita sai an ga alamomin tun kafin shekara 12, a wuri fiye da ɗaya, gida da wurin aiki misali, kuma suna jawo masa asara ta zahiri. Ka tambayi kanka: takardun jarrabawar ɗalibai suna kwana makonni ba ka duba ba har sai an biyo ka? Makulli da waya kullum cigiya? Kana katse mutane a tsakiyar magana, kana makara ko da ka tashi da wuri, kana sayen abu kafin ka yi tunani? Malaman firamare sun sha rubuta maka cewa kana da ƙwaƙwalwa amma ba ka mai da hankali? In amsar yawancinsu e ce, ya kamata a duba ka.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su. In a lokacin zafin kana yin awa 2 ko 3 kacal na barci amma ka tashi garau ba gajiya, maganarka ta yi yawa da sauri har ba a iya tsayar da kai, kana jin kai na daban ne an zaɓe ka don wani babban al'amari, kana watsa kuɗi, kuma na kusa da kai suka ce ka zama wani mutum, wannan ba sha'awa ba ce kawai. Yana iya zama lalurar hawa da saukar yanayi, wadda ake kira baifola. Kwana 4 a jere a irin wannan hali sun isa a nemi likita, mako guda kuwa magana ta girma. Bambancin a bayyane yake: mai sha'awa in ya raba dare yana biya da gyangyaɗi washegari, mai baifola ba ya jin ya ci bashin barci. Haka nan in abin da kake maimaitawa ba daɗinsa kake ji ba, tsoro ne ke tilasta ka, ka sake alwala sau goma ko ka koma duba ƙofa sau ashirin, wannan waswasi ne na lalura, yana da nasa maganin. In kuma abin da ya kama ka cacar ƙwallo ce a waya ko cinikin kuɗin intanet da kake bin asara da ƙarin kuɗi, kada ka sa shi layi ɗaya da tattabaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka. Wani abu da ba kowa ya sani ba: wasu magungunan ciwon karkarwar jiki na Fakinsin, masu kwaikwayon aikin dofamin, suna iya sa dattijo mai kamun kai ya tsunduma cikin caca ko saye-saye ko kwance kayan lantarki dare da rana. In irin wannan hali ya faɗo wa mutum da girmansa bayan fara magani, likitan da ya rubuta maganin za a koma wa.

In kana son a duba ka, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ka tafi da wanda ya san ka tun kana yaro, yayan naka ma ya isa, da tsofaffin sakamakon makaranta in suna nan. Maganin ADHD yana aiki ga mutane da yawa, amma likita ne ke rubuta shi ya bibiya. Ba abin karɓa a kemis ba ne, balle a bakin tasha.

Yanzu mu ɗauka an duba ba a samu komai ba, ko an samu amma halin na nan, domin magani ba ya sauya irin mutumin da kake. Ga abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Zuwan sha'awa ba ya hannunka, tafiyarta ma ba ta hannunka. Abin da ke hannunka shi ne alkawuran da kake ɗauka tana kan zafi. A duk masu irin halinka da suka zauna a gabana, ba fitar abu daga rai ce ta jefa su cikin damuwa ba. Bashin da aka ci ne, da jarin da aka karɓa daga hannun suruki, da allon shago da aka rubuta, da muƙamin sakataren ƙungiya da aka amsa, da shelar da aka yi a majalisa cewa an samu sana'ar da za a mutu a kanta. Mutumin da ke cikin ɗoki yana sa hannu, wanda zai biya kuwa wani mutum ne daban, kai ɗin nan bayan wata shida, wanda ko warin abincin kifi ba ya son ji. Sha'awarka wutar kara ce, Malam. Tana tafasa shayi nan take, kuma shayin na gaske ne. Ganda ce ba a ɗora mata.

Wata baiwar Allah daga Samaru ta taɓa zuwa wurina, na sauya wasu bayananta don sirri. Ta yi haɗa sabulu, ta yi turaren wuta, ta yi saƙa, sannan ta faɗa yin kek, kuma ta iya, don masu wannan hali sukan ƙware da sauri har a yi mamaki. Sai ta fara karɓar kuɗin kek ɗin biki wata uku kafin ranar. Da abin ya fita ranta akwai amare huɗu a gaba, kuɗinsu kuma ya shige cikin injin kwaɓi da kwanonin gashi. Ta koma kife waya in ta yi ƙara, ta daina zuwa suna a unguwa don kada ta haɗu da uwar amarya. Ba mu yi ƙoƙarin dawo mata da son kek ba. Ta cika alkawari biyu da ƙyar, biyu ta miƙa wa wata mai sana'ar ta cika mata kuɗi. Daga nan ta kafa wa kanta doka: ba ta karɓar aikin da ba za ta gama cikin mako guda ba, ko wane iri ne. Har yanzu tana tsalle daga wannan zuwa wancan, amma ba ta ɓuya wa kowa.

Irin wannan doka kake buƙata, kuma a lokacin sanyi ake kafa ta, kamar yanzu. Ka ware wani adadi daga albashi, ƙarami, wanda in ya ƙone ba za a ji a tukunya ba, ka ce wannan na sha'awa ne, ba wanda zai tuhume ka a kansa, kai ma ba za ka ƙetare shi ba. Duk abin da ya fi ƙarfin wannan adadi ya jira wata guda cur. In bayan wata kana nan kan bakanka, ka nemi aro ko haya ko na hannu a kasuwar Sabon Gari kafin sabo. Bashi, kuɗin adashi, 'yan kunnen maiɗaki, kuɗin makarantar yara, waɗannan ba sa shiga. Abu mai rai kuwa na fi tsanantawa a kansa. Littafin Faransanci in ka yar da shi ƙura kawai zai sha. Tantabara da kifi da zomo yunwa za su ji, kuma hakkinsu na wuyanka. Da ka fara zuwa wurin mai tanki kana taya shi canjin ruwa da ba da abinci na wata biyu, da ka sha duk daɗin koyon a kyauta, ka kuma gano da wuri cewa abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwon tarwaɗa, kuma sai an yi watanni ana zubawa kafin a ga kwabo.

Barci ma yana cikin dokar. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. Mutumin da ya kai ƙarfe 3 na dare yana karanta salsalar sarakuna, ya tashi Asuba, ya hau babur ya ratsa Kwangila tsakanin tireloli, ba da sha'awarsa kaɗai yake wasa ba. Ka sa wa wayar lokacin kwanciya, ka bar ta a falo tana caji.

Maiɗakinka tana da gaskiya, kuma ina zaton ba kifin ne ya gajiyar da ita ba. Abu biyu ne ke cin ran matan masu irin halinka: kuɗin cefane da ke raguwa ba shawara, da miji da ke gida amma ba ya gida, ana yi masa magana yana cewa uhm. Ka zaunar da ita ka gaya mata yadda abin yake zuwa maka, ka nuna mata adadin da ka ware, ka ba ta ikon tuna maka da dokar wata guda ba tare da ka hau fushi ba. Ka ware lokacin da waya ba ta hannu, ko daga Magariba zuwa bayan cin abinci ne. Kuma ka rage mata lacca. Ba dole ba ne ta san bambancin jinsunan tattabaru. Masu tattabaru suna da majalisarsu, masu tarihi suna da tasu, can za ka kai zancen a karɓe shi hannu bibbiyu. Hajiya kuwa, addu'ar uwa ba abin ƙi ba ce, ka karɓa ka gode. Inda za ka taka burki cikin ladabi shi ne in magana ta fara karkata zuwa wane ne ya yi maka asiri. Na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan zargin sammu, alhali mutumin haka yake tun yana ɗan shekara 6. Shi kuma yaya, ba sai ka yi musu da shi ba. Mutumin da ke shiga aji kullum, yake riƙe da iyali, yana da alƙibla. Abin da ke yawo shi ne abin da yake yi da ragowar lokacinsa.

Akwai kwanakin da ba ka ambata ba amma na san suna nan: tsakanin tafiyar wancan da zuwan wannan. Duniya ta yi salam, ka zauna ka rasa abin da ke maka daɗi, kunya ta taso duk lokacin da ka ga tankin. A nan ne mutane ke yin kuskure biyu. Ko su tattara kayan su sayar da asara cikin fushi da kansu, ko su cafki abu na farko da ya gifta don cike gurbin, kuma waya cike take da masu jiran irin wannan lokaci. Ka bar shi ya wuce. Ka riƙe sallah cikin jam'i, da aiki, da tafiyar ƙafa da yamma, da zama cikin mutane. Amma in ya haura mako 2 kana cikin ƙunci, abinci ya fita ranka, barci ya lalace, kana jin ba ka da amfani ko rayuwar ta ishe ka, wannan ciwon damuwa ne, asibiti za a je, kada a jinkirta.

Kada ka ɗauka abin da ya tafi ya tafi kenan. Da yawa suna dawowa, bayan shekara ko biyar. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna da gwaji cewa abin da mutum ya taɓa koya ya manta, in ya koma masa yana kama shi cikin lokacin da bai kai na farko ba. Faransancinka yana nan kwance. Saboda haka duk abin da ka ji ya fara sanyi, kafin ya mutu murus ka ɗauki takarda ka rubuta inda ka tsaya, abin da ka gano, da abin da ka yi niyyar yi a gaba. Ka haɗa da kayan a kwali guda, ka rubuta suna, ka ɗora a sama inda gara da danshin damina ba za su kai ba. Littattafan tarihin nan musamman, ka rubuta a gefen kowane labari wa ya gaya maka ko ina ka karanta, domin dattawan da ka ji daga bakinsu ba za su dawwama ba.

In kuma akwai guda ɗaya da kake so ya zauna, guda ɗaya na ce, to kada ka jingina shi da ɗoki. Masu binciken ilimi, Suzanne Hidi da Ann Renninger, sun nuna a 2006 cewa sha'awa takan fara ne da abin da ya fizgi hankali daga waje, kuma ba ta cika kafuwa ba sai ta samu mai riƙe ta: malami, abokan tafiya, da damar komawa a kai a kai. Garinka ya daɗe da sanin haka. A zaurukan malamai na cikin birni, Juma da Kona da Kakaki, ɗalibi layi kaɗan yake biyawa bayan Asuba, gobe ya dawo, ko yana jin daɗi ko ba ya ji, har littafi ya ƙare. Malam yana jiransa, abokan karatu za su tambayi dalilin fashi. Minti 15 na Faransanci kullum tare da wani da ke jiranka ya fi awa 6 na dare ɗaya. Sauran kuwa ka bar su su zo su tafi, ka kwashi abin da suka kawo ka kai aji. Malamin da zai iya kawo misalin ƙyanƙyasar tantabara da wayar rediyo da gidajen sarauta a darasi guda, ɗalibai ba sa barci a ajinsa.

Saura tanki da bashi. Ka je wurin mai bashin da ƙafarka kafin ya zo da tasa, ka gaya masa kiwon ya tsaya, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata daga albashi, a rubuta da shaidu. Tankin ka ba mai sana'ar haya, ko ku yi yarjejeniya ya zuba nasa kifin ya ba ka kaso, da sharaɗin abinci da canjin ruwa duk a wuyansa. In ba a samu mai so ba, a wanke shi ya zama ma'ajiyar ruwan gida, a yi masa murfi mai ƙarfi saboda yara da sauro. Abin da ba za ka yi ba shi ne sake zuba 'ya'yan kifi da sabon bashi don kawai ka rufe bakin yayanka.